Iya hawa daban, farmi daban: fashin baƙi ga sabon mai babur a Tawa

A Tawa ba kasafai ake koya wa mutum babur ba, tashi ake yi a ga ya iya. Yaro ɗan shekara 13 za a ba makulli ya wanke Kasea ɗin yayansa, ya lallaɓa da shi bayan gida, ya zagaya fili, ya faɗi, ya kaɗe wando ya sake hawa. Bayan mako guda shi ake aika sayen ƙanƙara. Kafin ya isa yin katin ɗan ƙasa ya riga ya ɗauko buhun hatsi daga kasuwa, ya kai innarsa gidan biki, ya gwada gudu a hanyar Ƙonni. Ranar da ya tara kuɗinsa, ko ya dawo daga cirani a Abijan ya sayi nasa, aka ce ya je ya nemi farmi, wato takardar izinin tuƙi, abin da zai tambaya shi ne: me ya rage a koya mini?

Tambayar ba ta rainin hankali ba ce, kuma amsar da aka saba ba shi, wai ai doka ce, ba ta gamsar da kowa. Shi ya sa masu babur da yawa suka ɗauki farmi a matsayin wani haraji, takardar da ake miƙa wa ɗan sanda don ya ɗaga hannu a wuce. In haka ne lissafin ba wuya: a gwada kuɗin farmi da abin da ke zubewa a shingayen hanya cikin shekara, a ɗauki mai arha. Sai dai lissafin ya tsallake rana guda, ranar da babur ya bugi mutum. A ranar ne ake sanin abin da takardar ta tsaya wa, kuma kafin a kai can sai an warware wasu abubuwa da muka saba cakuɗawa.

Takardun babur kashi biyu ne, na ƙarfen da na mutumin. Takardar duwan tana nuna babur ya shigo ƙasa ta ƙofa. Kart giriz shaidar rajistarsa ce: sunan mai shi, lambar da aka buga a jikin ƙarfen, girman injin, da lambar farantin da ke baya. Binyet harajin shekara ne. Asurans yarjejeniya ce da kamfanin inshora. Duk waɗannan babur suke bi. Farmi kaɗai ke bin mutum; ka sayar da wannan ka sayi wancan, yana nan a aljihunka. Sau da yawa za ka ga mutum ya zaro rasiɗin dillali daga cikin leda yana cewa takardunsa sun cika. A jihar da babura ke shigowa ta iyakar Ƙonni, wasu ta ƙofa wasu ta daji, mai sayen na hannu ya durƙusa ya karanta lambar da ke wuyan babur, ya gwada ta da ta takarda harafi da harafi kafin ya ƙirga kuɗi. In ya ga alamar an kankare an sake bugawa, ya miƙe ya kama gabansa.

Shi kansa farmin rukuni-rukuni ne, kowane da harafinsa. A na babur ne. B na ƙananan motoci ne, waɗanda nauyinsu da kaya bai wuce tan 3.5 ba, kujerunsu kuma ba su wuce 8 ba ban da ta direba. C na manyan motocin kaya, D na bas-bas, E na jan tirela. Ba a Yamai aka ƙirƙiro tsarin ba. Daga yarjejeniyoyin zirga-zirga na duniya ya fito, ta Jeneba a 1949 da ta Biyana a 1968, shi ya sa harufan suke iri ɗaya daga nan har Faransa. A cikin tsarin akwai ƙaramin rukuni, A1, na baburan da injinsu bai wuce 125 ba, lambar nan da ake mannawa a gefen babur. Wannan iyaka ta ratsa ta tsakiyar kasuwarmu, don yawancin abin da ke yawo a gari, su Kasea da Haojue da Boxer, tsakanin 100 ne da 150. Mai 110 da mai 150 a ido kusan ɗaya suke. Don haka kafin a rubuta maka rukuni, ka duba girman injin da ke cikin kart giriz, ka faɗa wa ma'aikacin. Mai farmin mota ma kada ya ce ya gama. Ya juya katin ya ga ko an cika masa layin A.

Hanyar nema ba ta da wani sirri. Ma'aikatar sufuri ce ke bayar da farmi, ofishinta na jiha ke karɓar dosiye da shirya jarrabawa. Dosiyen irin wanda aka sani ne: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, hotuna, tambur, da takardar likita. Galibi ta oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, ake bi, su koyar, su kai sunayen ɗalibansu. Jarrabawa biyu ce, ta kod, wato dokokin hanya, sannan ta tuƙi. Duk abin da ka biya, ko dala 100 ce, ka karɓi rasiɗi. Inda mutanen ƙauye suka fi tuntuɓe shi ne takardar haihuwa: wanda ba a yi wa ita yana jariri ba sai ya bi ta kotu a ba shi hukuncin da ke maye gurbinta, wannan kuwa yana cin lokaci, don haka da shi ake farawa. Takardar likitar ma kada a mayar da ita sa hannu da hatimi kawai. Ka ce a gwada maka ido da gaske. Akwai samarin da ba su taɓa sanin ba sa gani daga nesa ba sai da aka tsayar da su gaban allon harufa aka rufe musu ido ɗaya.

To, me ya rage a koya wa yaron? Kod. A fili ya koyi sarrafa ƙarfe. Kod kuwa yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba, waɗanda za su haɗu a mararraba cikin daƙiƙa biyu, babu damar sallama balle shawara. Dokar hanya da Nijar ke aiki da ita ta 2014 ce, amma ginshiƙanta sun girme ta nesa ba kusa ba.

Ɗauki ƙa'idar dama. A ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama kamar tamu, in hanyoyi biyu suka gitta juna babu allo, babu wuta, babu ɗan sanda, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Ba ruwan ƙa'idar da wanda abin hawansa ya fi girma, ko wanda ya riga danna oda. Mai fitowa daga ƙofar gida ko gidan mai kuwa, kowa zai jira, ko daga wane hannu yake. A tsofaffin unguwanni irin su Bilbis, inda lungu ke ɓullowa ta bayan katanga ba ka ganin mai zuwa sai ya iso, wannan ƙa'ida kaɗai ce tsakanin mutum biyu da karo. Abin da muke yi a zahiri dokar ƙarfi ce: mai kamyo ya wuce, mai mota ya bi, mai babur ya kutsa inda ya ga rata, mai tafiya ƙasa ya yi ta kansa. Tana tafiya daidai har ranar da aka gwabza. Ɗan sandan da zai zo yin konsta, wato rubuta rahoton haɗari, ba da ita zai auna ba. Zai duba inda kowa ya fito, ya auna, ya zana, ya rubuta. Wanda ya hana na dama hanya shi ne mai laifi, ko da shi ne ke kwance da karaya.

Allunan hanya an tsara su yadda wanda bai yi lakwal ba ma zai gane, in an taɓa zama an yi masa bayani. Siffa da launi ke magana. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne: kwana, makaranta, dabbobi, tudun rage gudu. Kewayayye mai jan baki hani ne. Kewayayye shuɗi umarni ne. Mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa yana cewa ka ba wasu hanya. Ja mai kusurwa takwas tsayawa ce cak, ƙafa a ƙasa, ko da hanya fayau take. Rawaya mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsininsa yana gaya maka hanyarka ke da fifiko, har sai ka sake ganinsa an soke shi da baƙin layi. In kuma suka saɓa wa juna, hannun ɗan sanda ya fi wuta, wuta ta fi allo, allo ya fi ƙa'idar dama.

Shatale-tale ne ke kayar da sabon shiga. Inda aka kafa allon ba da hanya a bakin shiga, na ciki ke da hanya. Inda babu shi, ƙa'idar dama ta dawo, mai shigowa ne ke da hanya, don daga daman na ciki yake ɓullowa. Wuri biyu masu kama ɗaya, hukunci biyu, bambancin kuma ƙaramin allo ne da wataƙila reshen bedi ya rufe. Ɗan Tawa da ya fara shiga Yamai da babur, ya faɗa cunkoson bakin Gadar Kennedy ko na wajen Katako da yamma, shi zai ba ka labari.

Sai lissafin tsayawa, wanda a ganina ya fi komai amfani a duk littafin. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga akuya zuwa lokacin da hannu ya kai ga birki, kimanin daƙiƙa guda ce, ga wanda ya yi barci, ba ya waya, bai kuma haɗiyi tiramol don ya kai dare yana aiki ba. Ke nan mita 14 sun tafi birki bai fara ci ba. Malaman kod suna da gajeren lissafi na tazarar tsayawa gaba ɗaya: ka ɗauki lambar farko ta gudunka ka ninka ta da kanta. Gudun 50, mita 25. Gudun 70, mita 49. Gudun 90, mita 81. Daga 50 zuwa 90 gudun bai ko ninka ba, amma tazarar ta ninka fiye da sau uku, wannan ma a busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Tun bikin Tawa Sakola na Disamban 2017 manyan titunan gari suka samu kwalta mai kyau. Alheri ne, ba musu. Amma ramukan da suka ɓace su ne da ke rage wa yara gudu ba da son ransu ba.

Dole kuma a faɗi inda farmi ya gaza. Jarrabawar tuƙi gajera ce, kuma littafin kod bai san ƙasarmu ta Adar ba. Wanda ya ci jarrabawa ya samu izinin shiga hanya ne kawai, sauran karatun yana gaba.

Babba a ciki shi ne birkin gaba. Yawancin waɗanda suka koya a fili tsoronsa suke ji, don ranar da suka fara damƙarsa a kan rairayi taya ta zame suka sha ƙasa, daga nan suka koma birkin ƙafa kaɗai. Alhali idan babur na tsayawa nauyinsa gaba yake komawa, kuma a kan kwalta kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Mai taka na baya kaɗai ya yar da mafi yawan birkinsa, ga tayar baya da ta kulle sai ta ja shi gefe. Ana matsa na gaba ne sannu-sannu, a fara da taɓawa har nauyi ya sauka a kan taya, sannan a ƙara matsewa, tare da na baya, babur a miƙe. Wannan ba ya shiga jiki da ji. Sai an samu kwalta marar mutane da sassafe an yi ta maimaitawa a ƙaramin gudu. A kan rairayi kuwa, musamman wanda iska ke tarawa a bakin kwalta daidai inda masu babur ke raɓewa, a rage gudu tun kafin a shiga, kada a damƙi komai a tsakiyar kwana.

Sai manyan motoci. Hanyoyinmu hanyoyin kaya ne: albasar Galmi, sumuntin Malbaza, tirelolin da ke haurawa Agadas da Arlit. Direban da ke can sama ba ya ganin abin da ke dab da ƙofarsa ta dama, ba ya ganin na ƙarƙashin hancin motar, ba ya ganin na bayan tirela. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Doguwar mota in za ta juya dama sai ta fara buɗewa hagu, ta bar wata rata mai kyau a damanta. Sabon mai babur yana ganin ratar ya ce an ba shi hanya, ya kutsa, tayoyin baya su rufe ta a kansa.

Sauran kowa ya san su, sai dai ba a ɗauke su karatu ba. Amalanken jaki da dare babu ko ƙyallin fitila. Garken da ke tsallake hanya, ɗaya ta wuce sauran na tafe. Hazon hunturu da ke shanye babur a idon mai mota, in ba an kunna fitila da rana ba. Korama da damina, wadda ruwan da bai kai gwiwa ba yake kwashe babur da mai shi. Madubin da samari ke kwancewa ranar da suka sayi babur, wai yana ɓata masa kyau. Da bakin hijabi ko zane na fasinja: kafin ka tayar, ka juya ka ce, “Inna, tattara hijabinki ki riƙe a cinya,” don in sarƙa ko tayar baya ta kama shi, ta wuya yake jan mutum.

Hular kwano kuwa, doka ta wajabta ta, mutane kuma sun ƙi ta, kuma dalilinsu ba ƙarya ba ne. A watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, wanda ya ce hular ba ta da zafi bai sa ta ba. Amma ga abin da ke ɗaya hannun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai da kusan kashi 69. Sharaɗin shi ne ta zama hular babur ta gaske, kuma a ɗaure. Hular magina ba ta wannan aiki. Abin da ke ceton kai farin soso ne mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawon, wanda ke murƙushewa ya shanye bugu. Shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba. A jikin igiyar mai inganci akan samu ɗan ƙyalle da harafin E da lamba cikin da'ira, alamar ta cika ƙa'idar gwaji ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wadda aka ɗora a ka ba a ɗaure ba, ita ke fara isa ƙasa kafin mai ita.

Yanzu ga ranar haɗari, inda kuɗin yake. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora guda, kundin CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992. Sashe na 200 ya wajabta wa mai abin hawa mai inji ya yi asurans na ɓarnar da zai iya yi wa wasu. Asurans ɗin dole yana biyan wanda ka buge da motar da ka fasa wa fitila. Ƙafarka da ta karye da babur ɗinka da ya lanƙwashe ba sa ciki, sai in ka sayi ƙarin kariya daban. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai sun je neman haƙƙi, su dawo suna cewa kamfani ya cuce su.

Farmi yana shigowa ne a sashe na 207. Sashen ya ba kamfani damar rubutawa a yarjejeniya cewa ba ya ɗaukar nauyin haɗarin da ya auku alhali mai tuƙin bai kai shekaru ba, ko ba shi da farmin da ya dace da abin da yake tuƙawa. Masu dokar ba su so wanda aka buge ya tashi a tutar babu saboda sakacin wani, don haka sashe na 210 ya ce wannan togaciya ba ta hawa kan wanda aka cutar. Kamfani zai biya shi. In ya gama biya, doka ta ba shi damar juyowa kan mai laifin ya nemi kuɗinsa. Wato mai asurans marar farmi ya biya kuɗin kariya a farkon shekara, amma bashin diyya a wuyansa zai ƙare. In raunin babba ne, aka haɗa magani da nakasa da asarar sana'a, ko rai aka rasa aka lissafa haƙƙin mata da 'ya'ya, abin yana iya cinye babur ya haɗa da garkar albasa.

Wannan magana ta shafi uban da ke miƙa wa ɗan shekara 14 makulli. Ta kuma shafi alhajin da ya sayi babura ya raba wa 'yan kabu-kabu suna kawo masa kuɗin yini kowace yamma, bai taɓa tambayar ko ɗayansu yana da farmi ba. Sunansa ne a kart giriz. Ga kuma wani tarko: asurans na hawan kai daban yake da na ɗaukar fasinja don kuɗi. Wanda zai yi kabu-kabu ya faɗa wa kamfani tun ranar yanka takarda, don ɓoye aikin da babur ke yi ƙofa ce ta gardama ranar biya.

Gaskiya ne yawancin haɗuranmu ba sa kaiwa gaban kamfani. Jama'a su taru, a ce tsautsayi ne, a kai mai rauni asibiti ko wurin mai ɗori, dattawa su zauna su sasanta. Ba na raina sasanci. Ya kashe wutar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Amma yana tafiya lami lafiya ne in raunin ƙarami ne. Karayar cinya da ke son aiki a babban asibitin jiha, ko bugun kai da za a tura Yamai, tafiyar sama da kilomita 500, nan ne dangin mai rauni ke cewa a kira hukuma. Wanda takardunsa suka cika shi ke iya tsayawa ya kira 18 a zo a ɗauki mai rauni, ya kira 17 a zo a yi konsta. Wanda ba shi da su, zuciyarsa gudu take raya masa, gudu bayan haɗari kuwa laifi ne na daban da ake ɗorawa a kan na farko.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin neman farmi an gina shi ne da mai mota a zuciya, ɗan birni, wanda ya yi lakwal. Littafin kod da ke kasuwa da Faransanci yake, a ƙasar da waɗanda suka iya karatu a cikin manya ba su kai rabi ba. Sai in an dace da malami mai haƙuri da zai juya shi da baki zuwa Hausa. Saurayin da ke Buza ko Keita ko Abalak, ban da kuɗin dosiye akwai kuɗin mota, akwai masauki, akwai kwanakin da babur zai kwana bai kawo komai ba. Ga wanda abincin gidansa daga yinin yau yake fitowa, wannan ba ƙaramin shinge ba ne. Hukumar kiyaye haɗuran hanya, ANISER, tana faɗakarwa, amma faɗakarwa ba ta rage nisan Buza. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ban ga abin da zai hana a fitar da kod cikin Hausa ba, a rubuce da kuma a murya yadda zai yi yawo a WhatsApp, a kuma riƙa kai jarrabawa manyan garuruwa ta hannun ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, waɗanda suka san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Hukuma ma tana da riba a ciki. Tun da aka hana hawan babur a Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tilaberi a 2020, ga Tiliya da Tasara a jiharmu cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, babur ya daina zama abin hawa kawai a idon jami'an tsaro. Mai babur marar lamba, marar takarda, tambayoyin da zai amsa a shinge yanzu sun wuce na tara.

A cikin wannan rata ne 'yan tsakiya ke cin abinci. Hirar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu:

“Kawu, akwai wani da ke fitar da shi cikin kwana uku, ba sai na zauna kod ba. Hoto kawai zan ba shi da kuɗi.”

“To ɗana, in ya fitar maka, sunanka a littafin wa zai shiga?”

Tambayar kawun ita ce gaba ɗayan maganar. Abin da ake sayarwa ta bayan fage iri biyu ne. Akwai na gaske da aka fitar ba tare da mutum ya zauna jarrabawa ba. Mai shi yana da kati, amma zai shiga shatale-tale bai san wa ke da hanya ba. Akwai kuma na jabu, wanda lambarsa ba ta cikin rajistar ma'aikata ko ta wani ce daban. Wannan yakan wuce a shingen dare, inda ake haska tocila a duba hoto. Ba ya wucewa a teburin kamfanin inshora da ke shirin fitar da miliyoyi, don su sukan bincika, kuma in ta fashe an ƙara maka laifin amfani da takardar jabu a kan na tuƙi babu farmi.

Ko ba a yi haɗari ba, kati yana ɓata, yana jiƙewa da damina, yana tafiya da walat a kasuwar Badagishiri. Mai na gaske zai je komsariya, ofishin 'yan sanda, a yi masa takardar ɓata, ya kai ofishin sufuri, a nemo lambarsa a rajista a sake buga masa wani. Don haka ranar da ka karɓi naka, ka yi masa kwafi ka ajiye a gida, ka kuma ɗauki hotonsa gaba da baya a waya, yadda lambar da ranar bayarwa za su fito sarai.